Tara Kwandalolin Azurfa Bugun Madubi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Darajarsu

Kowace shekara gidajen buga kuɗi na gwamnatocin duniya suna fitar da kwandalolin azurfa iri-iri waɗanda ba don ciniki a kasuwa aka yi su ba, sai don masu sha'awar tarawa. Abubuwa ne masu kyau ƙwarai, sun kuma cancanci a so su. Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tallata su ga sababbin shiga da sunan jari, har mutum ya zuba kuɗinsa bai san nawa ya biya na azurfa ba, nawa kuma ya biya na aiki da akwati. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan harka.

Mece ce kwandala bugun madubi, kuma me ya raba ta da sauran?

Ita ce wadda masu harkar ke kira furuf. Hanyar bugawa ce ta raba ta da sauran, ba ƙarfen ba. Kafin a buga ta, ana goge faifan azurfar har ya yi sheƙi, a wanke shi tas. Hatimin ƙarfen da zai danna zanen shi ma ana goge shimfiɗarsa, a bar wuraren zanen da ɗan kaushi. A da da yashi ake feshe su, yanzu galibi da hasken leza ake yi. Sannan a ɗora faifan a injin ɗaya bayan ɗaya, a danna shi fiye da sau ɗaya. Gidan buga kuɗi na Amurka yana bugawa aƙalla sau biyu, na Birtaniya kuwa yakan kai har sau shida. Sakamakon shi ne shimfiɗar kwandalar ta zama madubi da za ka iya ganin fuskarka a ciki, zanen kuma ya fito fari sol, kowane gashi da kowane harafi a tsaye.

Abin lura: sunan furuf bayani ne kan yadda aka yi ta, ba kan lafiyarta a yau ba. Kwandalar da aka buga ta wannan hanya, ko ta kwarzane ko ta dusashe, tana nan a furuf, sai dai furuf ce mai aibi. Wadda kuma aka buga bugun gama-gari, komai ƙyallinta, ba za ta taɓa zama furuf ba.

Akwai kuma mai juyayyen bugu, inda shimfiɗar ce ke fari, zanen ya zama madubi. Amurka ta fara fitar da Silver Eagle, wato kwandalarta ta azurfa mai oza ɗaya, irin wannan a 2006.

Daga wane lokaci ake cewa "ta zamani"?

Babu shekara ɗaya da kowa ya yarda da ita, amma a fagen azurfar tarawa yawanci daga shekarun 1980 ake lissafi. Amurka ta dawo da kwandalolin tunawa a 1982 da rabin dalar George Washington. Libertad ta Meziko ta fito a 1982, Panda ta azurfa ta Sin a 1983, Silver Eagle a 1986, Maple Leaf ta azurfa ta Kanada a 1988, Kookaburra ta Ostireliya a 1990, Britannia ta azurfa ta Birtaniya a 1997.

Azurfa nawa ce a cikinta, kuma yaya zan lissafa kuɗinta?

Wannan ce tambayar da ya kamata ta riga kowace. Ana auna azurfa da ozar tiroyi, wato giram 31.1, ba ozar awon kaya mai giram 28.35 ba. Sai ka san nauyin kwandalar da kuma tsabtar azurfarta, domin ba duka ce zalla ba.

Silver Eagle oza ɗaya ce cif, tsabtarta .999, wato kashi 999 cikin 1,000 azurfa ne. Maple Leaf .9999 ce. Britannia ta kasance .958 har zuwa 2012, daga 2013 ta koma .999. Panda ta bar ma'aunin oza a 2016 ta koma giram 30, don haka ta ɗan gaza takwarorinta. Kwandalar fam 5 ta tunawa da Birtaniya ke bugawa da azurfa nauyinta giram 28.28 ne a tsabtar .925, azurfar cikinta kusan oza 0.84 ke nan. Dalar tunawa ta Amurka kafin 2019 giram 26.73 ce, kashi 90 cikin 100 azurfa, sauran jan ƙarfe, wato oza 0.7734.

Lissafin ba wuya. A ƙaddara ozar azurfa tana dala 30 a kasuwar duniya: waccan dalar tunawa tana ɗauke da azurfar dala 23 da 'yan kai. Wannan shi ne ƙasan darajarta, inda ba za ta faɗi ta wuce ba muddin farashin azurfa bai sauka ba. Duk abin da ka biya sama da haka ƙari ne, kuma a kan wannan ƙarin ne ake cin riba ko a tafka asara.

Lambar kuɗin da aka rubuta a jikinta kuwa, dala 1 a Silver Eagle ko dala 5 a Maple Leaf, shaida ce kawai cewa gwamnati ce ta fitar da ita a matsayin kuɗi. Ba ta da alaƙa da abin da za a saye ta.

Me ya sa farashinta yake ninka kuɗin azurfar?

Aikin hannu, jinkirin bugu, sauya hatimi akai-akai, akwati, takardar shaida, talla, da ribar gidan bugawa. A kwandalolin tunawa na Amurka har da wani ƙarin kuɗi da doka ta ɗora, yawanci dala 10 kan kowace dalar azurfa, wanda ake miƙa wa gidauniya ko cibiyar da aka yi kwandalar dominta. Duk wannan halas ne, aiki aka yi. Sai dai mai saye na biyu babu ruwansa da abin da gidan bugawa ya kashe; shi abin da ya sani shi ne guda nawa ne a kasuwa, mutum nawa ke nema.

To, tana ƙara daraja da tafiyar lokaci?

Gaskiyar magana, mafi yawansu ba sa yi, in ban da abin da tashin farashin azurfa ya ɗaga su. Dalilin yana da sauƙin fahimta amma masu talla ba sa faɗarsa. Tsohuwar kwandalar da aka kashe a kasuwa shekara ɗari da suka wuce ta yi ƙaranci ne saboda yawancin 'yan uwanta sun goge, sun ɓace, ko an narkar da su. Furuf ta zamani kuwa tun ranar da aka haife ta tana cikin kwanson roba, cikin akwati, cikin durowa. Kusan duk wadda aka buga tana nan da ranta, lafiya lau. Shekara arba'in ba ta rage adadinsu ba, abin da ya ragu shi ne ɗokin masu saye.

Dubi dalar tunawa da mutum-mutumin 'yanci na birnin New York ta 1986. An buga furuf ɗinta sama da miliyan 6. Kwandala ce kyakkyawa, amma yau kusan a kuɗin azurfarta ake sayar da ita. Haka furuf ɗin Silver Eagle na farko, na 1986 mai alamar S ta San Faransisko: an buga sama da miliyan 1.4, don haka kasancewarta ta fari bai sa ta yi wuyar samu ba.

Yanzu dubi kishiyarta. A 1995, don cikar shirin buga kwandalolin Eagle shekara goma, gidan buga kuɗi na West Point a Amurka ya buga furuf ɗin Silver Eagle mai alamar W, ba a kuma sayar da ita ita kaɗai ba, sai a cikin saiti tare da kwandalolin zinariya huɗu a kan dala 999. Masu tara azurfa da yawa suka ga tsadar ta yi yawa suka ƙyale. Guda 30,125 kacal suka fita. Daga baya duk mai son cika jerinsa na Silver Eagle, kuma suna da ɗimbin yawa, ya ga dole sai da ita, farashinta ya kai dubban daloli. Abin da ya ɗaga ta shi ne an yi sakaci da ita a lokacin da take samuwa. Shi ya sa kwandalar da aka cika duniya da tallarta cewa za ta yi tsada ba kasafai take yi ba: kowa ya saya ya ɓoye da niyyar sayarwa, ranar sayarwa kuma duk a tare suke fitowa.

Akwai wani salo da ake yawan gani. Sabuwar fitowa ta ƙare cikin mintuna, farashinta ya yi tashin gwauron zabi a makonnin farko, bayan shekara ɗaya ko biyu ya lafa. Saitin furuf na azurfa na Amurka na 1999, shekarar da aka fara kwandalolin kwatan dala masu zanen jihohi, ya yi irin wannan hawa ya daɗe a sama, sannan ya sauko da sha'awar jerin ta yi sanyi. Wasu kan riƙe darajarsu, kamar Silver Eagle mai juyayyen bugu ta 2019 mai alamar S da aka ƙayyade a 30,000, amma ita ma ta dogara ne da babban jerin da take ciki. Wanda ya saya a tsakiyar zazzaɓin kasuwa shi ya fi kowa shan wuya.

Ke nan in na ga an rubuta "guda 500 kawai a duniya" in yi sauri?

A'a. Ƙaranci ba ya aiki shi kaɗai. Kwandala 500 da mutum 200 ke so ta yi yawa. Kwandala 30,000 da mutum 300,000 ke so ta yi kaɗan. Ka kuma bambanta adadin da aka ƙayyade da adadin da aka sayar a zahiri, domin sau da yawa ba a kai iyakar. Wani lokacin ma abin ya juye: a kwandalolin gasar Olamfik ta Atlanta na 1995 da 1996, mutane sun fi sayen furuf, sai nau'in da ba furuf ba ya zama shi ne mai wuyar samu kuma mai tsada.

Mene ne PR69 da PF70 da nake gani a jikin wasu?

Maki ne da kamfanonin tantancewa ke bayarwa, a kan ma'aunin 1 zuwa 70 da William Sheldon ya ƙirƙiro a 1949. Manyan kamfanonin biyu su ne PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC, a 1987. Na farkon yana rubuta PR, na biyun PF, ma'anar ɗaya ce, wato furuf. Sukan duba kwandalar, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta maki, su rufe ta a kwanson roba mai lamba da za ka iya bincikawa a shafinsu. A wurin NGC, 70 na nufin ba a ga wani aibi da ya same ta bayan bugu ba ko da an ƙara girmanta sau biyar.

A tsofaffin kwandaloli wannan aiki yana da matuƙar amfani. A furuf na zamani kuwa ina da ja. Kusan duk wadda ta fito daga gidan bugawa 69 ce ko 70, kuma bambancin da ke tsakaninsu ido tsirara ba ya ganinsa. Mai 69 sau da yawa ba ta fi wadda ke akwatinta na asali kuɗi ba, wani lokacin ma kuɗin tantancewar bai fita ba. Mai 70 kuma farashinta ya rataya ne a kan guda nawa suka sami makin, adadin nan kuwa kullum ƙaruwa yake, ba ya raguwa. Waccan ta 1995 mai alamar W, an sayar da wata mai PR70 sama da dala 86,000 a gwanjo a 2013, lokacin da masu wannan maki 'yan ƙalilan ne. Da labari ya bazu, masu ita suka yi ta aikawa a tantance, masu 70 suka yawaita, farashin ya faɗi ƙasa da rabin haka nesa ba kusa ba. Kafin ka biya kuɗin 70, duba rahoton adadi da kamfanonin ke wallafawa kyauta.

Lakabin da ke cewa tana cikin fitowar farko fa?

Abin da yake nufi kawai shi ne an kai ta wurin tantancewa cikin kwana 30 na farkon fitowarta. Ba ya nuna ita aka fara bugawa. Takarda kake saye, ba kwandala ba.

Akwati da takardar shaida suna da muhimmanci?

Ƙwarai. In kwandalar ba ta cikin kwanson kamfanin tantancewa, mai saye yana so ya ga akwatin asali, kwanson da ta zo a ciki, da takardarta. Rashinsu yana rage kuɗi. Ka adana har kwalin waje. Amma takarda ba hujjar gaskiya ba ce ita kaɗai, don masu jabu sun fi iya kwaikwayon takarda a kan ƙarfe.

Na ga wani farin tabo ko dusashewa a jikinta. In goge?

Kada ka kuskura. Fuskar madubi ba ta jure komai: ƙyalle mafi laushi zai bar mata siraran zane-zane da ke bayyana da zarar an karkata ta a haske, kuma ba sa gyaruwa. Man goge azurfa da ake sa wa kayan ado kashe ta yake yi gaba ɗaya, ta koma kuɗin nauyi.

Farin tabon da ake kira tabon madara matsala ce da ta daɗe tana addabar azurfar zamani, yakan kuma fito bayan watanni ko shekaru ko da kwandalar tana rufe, har a cikin kwanson tantancewa. Ana danganta shi da abin da ya saura a jikin faifan tun daga masana'anta. Gidan buga kuɗi na Kanada ya fito da wata kariya mai suna MintShield a 2018 don rage shi a Maple Leaf. Abin takaici ne ka ga kwandala mai 70 ta yi tabo, domin makin yana nan a rubuce amma mai saye da idonsa zai yi ciniki. Sauyin launi zuwa ruwan zinariya ko shuɗi kuwa daga sinadarin farar wuta da ke cikin iska yake zuwa, wasu masu tarawa ma son sa suke in ya zo da kyau. In abin ya dame ka, akwai sashen gyara na ƙwararru a kamfanonin tantancewa.

Yaya zan adana su?

Bar su a kwansonsu. In dole sai ka fitar, riƙe ta gefe da safar hannu mai tsabta, a saman abu mai laushi, kuma kada ka yi magana a kanta, domin ɗigon yawu ɗaya yakan zama tabo. Shatin yatsa yana cin fuskar azurfa ya zauna. Nisanta su da danshi da zafi, ka sa ƙullin sinadarin tsotse laima a inda suke. Guji jakunkunan roba masu laushi na PVC, waɗanda ke fitar da wani kore-kore mai danƙo, haka ma robar ɗaure kuɗi da takardar jarida.

Yaya zan gane jabu?

Fara da sikeli mai auna ɗigon giram da abin awon faɗi. Silver Eagle giram 31.1 ce, faɗinta milimita 40.6. Azurfa tana da nauyin giram 10.49 a kowane santimita kubik, don haka mai jabun da ya yi amfani da ƙarfe mara nauyi dole ya ƙara kauri ko faɗi kafin nauyin ya cika. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma wannan gwajin rabi ne, tunda jan ƙarfe ma ba ya kamuwa. Akwai na'urorin da ke gwada ƙarfe ta bayan kwanso ba tare da an buɗe ba, manyan dillalai suna da su. Kada ka yarda a gwada furuf da ruwan asid ko a ƙwanƙwasa ta don jin ƙara.

Sanin jerin ma kariya ne. Misali, Amurka ba ta buga furuf ɗin Silver Eagle a 2009 ba, saboda an karkatar da faya-fayan azurfar zuwa bugun nauyi, wato na gama-gari da ake saye don azurfarsa kawai, da buƙatarsa ta yi yawa. Duk wanda ya miƙo maka ita da sunan ta gwamnati ce, ka san da walakin. Kuma duk kwandalar da ake tallata maka ƙasa da kuɗin azurfarta, alamar jabu ce, ba sai an gwada ba.

Ina ganin kwandaloli masu launi da sunan Niue ko Tsibiran Cook. Na gaske ne?

Na gaske ne ta fuskar doka. Ƙananan ƙasashe irin su Niue, Tuvalu, Palau da Tsibiran Cook suna ba kamfanoni izinin buga kuɗi da sunansu, su karɓi kasonsu. Wasu daga cikinsu aikin gwaninta ne na ban mamaki. Sai dai ƙarin da ke kansu yana da yawa, masu nemansu kuma ba su da yawa, don haka ranar sayarwa takan yi ɗaci. Ka saye su in zanen ya kama zuciyarka. Ka kuma lura da rubutu: abin da aka ce an shafe shi da azurfa ba azurfa ba ne, abin da babu sunan ƙasa da lambar kuɗi a jikinsa kuma lambar ado ce, ba kwandala ba.

In ajiyar dukiya kawai nake so fa?

To ba furuf kake nema ba. Sayi bugun nauyi na gama-gari, wanda ƙarinsa kaɗan ne. Ka kuma san azurfa kanta ba ta zama wuri ɗaya: ta kusa dala 50 a Janairun 1980, ta rushe, ta sake kusantar haka a Afrilun 2011, ta sauko wajen dala 12 a Maris na 2020. Haraji ma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya ana ɗora wa azurfa harajin saye na kashi 20 cikin 100, alhali zinariyar jari ba ta da shi.

Daga ina sabon shiga zai fara?

Da jeri ɗaya da yake so da gaske. Wanda ya watsa kuɗinsa kan duk sabuwar da ta fito zai ƙare da tarkace masu tsada. Wanda ya tsaya kan Libertad, ko Britannia, ko jerin dabbobin shekara na azurfa da gidan buga kuɗi na Perth a Ostireliya ya fara a 1999, cikin ɗan lokaci zai san shekarun da ke da wuya, ya san farashin gaskiya, ya gane kyakkyawa da kallo ɗaya. Wannan sanin shi ne daɗin harkar, shi ne kuma abin da ke hana a cuce ka.

Shawarata ita ce a fara da na shekarun baya maimakon sababbi. Furuf mai shekara goma ko ashirin an riga an ga ƙarshen ɗokinta, wani ya riga ya ɗauki asarar ƙarin, sau da yawa za ka same ta da akwatinta a kusa da kuɗin azurfa. Kyan bugun bai ragu da komai ba.

Na gaji wasu, ko ina so in sayar. Me zan yi?

Kada ka buɗe komai, kada ka goge komai, kada ka raba saiti. Rubuta ƙasa, shekara, alamar gidan bugawa, nauyi da tsabtar kowace, ka lissafa kuɗin azurfarta na ranar. Sannan nemi farashin da aka sayar da irinta a gwanjon baya-bayan nan, ba farashin da masu talla ke nema ba, domin tsakanin biyun akwai tazara. Ware 'yan ƙalilan da suka zarce kuɗin azurfa sosai. Su ne suka cancanci tantancewa ko gwanjo, bayan ka cire kason gidan gwanjo da kuɗin aikawa ka ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Sauran, dillali zai saye su a kusa da kuɗin nauyi, wani lokacin ƙasa kaɗan, tunda shi ma riba yake nema. Ji ta bakin dillalai biyu ko uku kafin ka sallama, kuma ka sa su faɗi farashin kowace daban, kada su yi maka kuɗin goro a kan tarin duka.